Littafin da Malam Ya Yaga

Ranar Larabar makon jiya ɗan ƙanwata ya dawo daga makaranta da littafinsa a cikin leda, rabi daban, rabi daban. Shekararsa tara, yana aji huɗu na firamare. Ya daure a hanya, sai da ya shigo gida ya haɗa ido da uwarsa sannan ya fashe da kuka. Da aka lallashe shi ya ce an fita tara ne, yana zaune a gindin darbejiya yana karatu, yara huɗu sun kewaye shi suna leƙe, sai malamin ajinsu ya zo ya fizge littafin. Ya buɗe shafi biyu, ya ce shirme ne, ya raba shi gida biyu a gaban yaran, ya bi shi da bulala uku.

Ni na saya masa littafin, a wajen masu kasa littattafan gwanjo a bakin titi. Don haka washegari na yi sammako na tafi makarantar. Hedimasta ya karɓe ni da mutunci, ya ce, "Alhaji, a yi haƙuri, ai gyara ne. Mu nan karatu muke koyarwa, kallon hoto kuwa sai a gida." Na ce, "Ranka ya daɗe, shekara huɗu yaron nan yana hannunku. Littafi nawa ya taɓa karantawa daga bango zuwa bango ba tare da an tsaya a kansa da bulala ba?" Ya yi shiru. Na ce, "To ni na sani. Guda ɗaya ne, kuma shi ne wanda kuka yaga jiya."

Har yanzu da nake wannan rubutu raina a ɓace yake. Kuɗin littafin ba su dame ni ba, kuma na san malamin ba shi kaɗai ba ne. Irinsa sun cika makarantu da gidaje: iyaye, kawunnai, masu makarantu, har da wasu da ke kiran kansu marubuta. Duk sun haɗu a kan magana ɗaya, wai littafin da aka ba da labarinsa cikin zane, balle a ce dabbobi ne a ciki, ba karatu ba ne. Wannan magana jahilci ce, kuma jahilcin da ke fitowa daga bakin mai riƙe da alli ya fi kowane ɓarna.

Sunan littafin InvestiGators. Wani Ba'amurke mai zane, John Patrick Green, shi ya rubuta ya kuma zana, na farkonsa ya fito a 2020, daga nan aka yi ta fitar da ci gaba. Taurarinsa kada biyu ne, Mango da Brash, jami'an farin kaya waɗanda ke zirga-zirga ta magudanan ruwa na ƙarƙashin birni. A littafin farko wani shahararren mai gashin burodi ne ya ɓace, aka tura su su ɓad da kama a gidan burodin, su gano inda aka kai shi da wanda ya ɗauke shi. Shafi wajen ɗari biyu ne, kowane shafi an yanka shi gida-gida, kowane gida da hotonsa da maganar da ke fita daga bakin mai magana. Akwai ban dariya, akwai wauta, akwai kuma asiri guda da aka ɓoye wanda mai karatu ba zai samu natsuwa ba sai ya tono shi.

Irin waɗannan littattafai suna da yawa, kuma sun daɗe. A 1958 Eve Titus ta ƙirƙiro Basil, ɓeran da ke zaune a ƙarƙashin gidan Sherlock Holmes a Landan yana koyon aikin bincike, wanda kamfanin Disney ya mayar fim a 1986. A Italiya Elisabetta Dami ta fito da Geronimo Stilton, ɓera mai gidan jarida, matsoraci, wanda kullum labari ke jefa shi cikin wani abin bin diddigi. Colleen AF Venable ta yi nata a 2010 da wani ɓeran Masar da ke zaune a shagon sayar da dabbobi, ana kawo masa ƙarar abin da ya ɓace a shagon. A Ostareliya Aaron Blabey ya fara The Bad Guys a 2015, labarin kyarkeci da maciji da wasu kifaye biyu masu cizo, waɗanda duniya ta gama yanke wa hukuncin mugunta, su kuma suka dage sai sun yi alheri. Miliyoyin yara a ƙasashe da harsuna daban-daban ta wannan ƙofa suka shiga karatu. Malamin ɗan ƙanwata ya duba shafi biyu ya yanke musu hukunci gaba ɗaya.

Da ya zauna kusa da yaron na minti goma, da ya ga abin da na gani. A irin wannan littafi mai zane ba ya nuna komai da komai. A gida na farko za ka ga kyanwa tsaye kusa da taga, tulu a kan tebur. A gida na biyu tulun ya fashe a ƙasa, tagar a buɗe, kyanwa ba ta nan. Tsakanin gidajen biyu akwai 'yar farar rata wadda ba a zana komai a cikinta ba, kuma a nan ne duk abin ya faru. Wa zai cike ta? Yaron. Shi zai ƙulla hoton farko da na biyu a cikin kansa, ya fitar da abin da ba a faɗa masa ba. Scott McCloud ya yi dogon bayani a kan wannan dabara a littafinsa na 1993. Idan kuma labarin na bincike ne, aikin ya ninka: mai zane yakan ajiye shaida a kusurwar hoto, sawun ƙafa, ko gashi a jikin ƙofa, ko agogon bango da ya saɓa wa abin da wanda ake tuhuma ya faɗa. Rubutu yana cewa abu kaza, hoto yana ƙaryata shi, sai mai lura ne zai kama.

Na ga yaron nan yana komawa baya shafi ashirin don ya tabbatar da wani abu da ya hanga. Na ji shi yana harhaɗa baƙaƙen wata doguwar kalmar Turanci sau uku, ba wanda ya sa shi, don in bai karanta ta ba ba zai san abin da kadan ya gano ba. Ya zo ya same ni ya ce, "Kawu, wallahi wannan ƙarya yake yi, dubi nan, ai ɗazu ba haka ya ce ba." Yaron da malamansa suka rubuta wa "ba ya mai da hankali" a takardar sakamako zango bayan zango, shi ne yake kama mai ƙarya ta hanyar gwama shafi da shafi. Abin da ake kira fahimtar rubutu ke nan, abin da ake ba maki a kansa a jarrabawa, abin da makarantar ke karɓar kuɗin ƙanwata don ta koyar. Ya koya da kansa a gindin darbejiya, ladarsa bulala uku.

Kuma a wane hali muke da har za mu riƙa yaga littattafai? A 2022 Bankin Duniya, tare da UNESCO da UNICEF da wasu hukumomi, ya fitar da rahoto cewa a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi, yara bakwai cikin goma 'yan shekara goma ba sa iya karanta gajeren rubutu mai sauƙi su fahimce shi. A Afirka kudu da Sahara kuwa kusan tara ne cikin goma. Duk wanda ya taɓa shiga ajin firamare a unguwarsu ba ya bukatar rahoto ya gaya masa. Yara suna rera abin da ke kan allo kamar waƙa, in ka rufe allon ka nuna musu kalma ɗaya sai ido. A irin wannan fari, in ka ga yaro ya tsugunna a kan littafi da son ransa, kamata ya yi ka yi masa inuwa, ka kira sauran malamai su zo su ga abin arziki.

Akwai wani yaro a jihar Ohayo ta Amurka, an haife shi a 1966, sunansa Dav Pilkey. Yana da larurar da ke sa baƙaƙe su riƙa rikice wa mai karatu, ga kuma rashin iya zama wuri ɗaya. Malamai suka gaji da shi, suka fitar da teburinsa waje, a baranda yake wuni. A nan ya fara zana 'yan labarai yana ɗinke su. Ya sha ba da labarin yadda malamarsa ta yayyaga masa su, ta ce ya daina ɓata rayuwarsa a kan littattafan wauta. Ɗaya daga cikin abubuwan da ya ƙirƙira a barandar nan shi ne Dog Man, ɗan sandan da bom ya tashi da shi da karensa, likitoci suka ɗinke kan karen a gangar jikin mutumin, ya tashi yana farautar masu laifi, babban abokin gabarsa wani muzuru mai suna Petey. Littafin farko ya fito a 2016, an sayar da miliyoyin kwafi, an fassara shi zuwa harsuna da dama, a 2025 aka yi fim ɗinsa. Sunayen littattafan ma da gangan yake ɗauko su daga manyan ayyukan su Charles Dickens da Dostoevsky da Hemingway yana juya su, don yaro ya tashi da sunayen a kunnensa. Malamar nan ta tabbata gyara take yi. Malamin ɗan ƙanwata ma haka ya tabbata.

Amurkawa sun riga mu yin wannan kuskure, kuma nasu ya fi girma. A 1948 an tara littattafan zane an cinna musu wuta a filayen makarantu, a garuruwa irin su Binghamton ta jihar New York, yara ne ma aka sa suka bi gida-gida suka tattaro. A 1954 wani likitan ƙwaƙwalwa, Fredric Wertham, ya wallafa littafi yana cewa waɗannan littattafai su ke lalata yara suna mai da su 'yan daba. Wani kwamitin Majalisar Dattawa ya zauna ya saurare shi. Masu ɗab'i suka tsorata suka kafa wa kansu hukumar tacewa a shekarar, kamfanoni da yawa suka rufe, masu zane suka rasa abinci. Aka yi shekaru fiye da hamsin ana ɗaukar maganar likitan nan kamar yankan wuƙa. Da aka buɗe takardunsa ga masu bincike, wata malamar jami'ar Illinois, Carol Tilley, ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta nuna a 2012 cewa ya sauya maganganun yaran da ya yi hira da su, ya canza shekarunsu, ya ɓoye abin da bai dace da ra'ayinsa ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma kafin a kai ƙarshensa an riga an yi asarar da ba ta dawowa.

Ƙasar da ta ƙona su ita ce daga baya ta ɗora su a kan kujerar girma. A 1992 an ba Art Spiegelman lambar Pulitzer saboda Maus, inda ya ba da labarin abin da mahaifinsa ya gani a sansanonin Hitila, ya zana Yahudawa a matsayin ɓeraye, Jamusawa a matsayin kyanwoyi. A 2020 lambar Newbery, wadda tun 1922 ake ba littafin yara mafi daraja a Amurka, ta faɗa a karon farko kan littafin zane, New Kid na Jerry Craft. Mu kuma da muka ga an tara littattafan Hausa an banka musu wuta a wata makarantar 'yan mata a Kano a 2007, me muka tsinta a tokar? Shin yara sun ƙara son karatu daga ranar? Sun dai koyi ɓoye littafi a ƙarƙashin katifa, daga baya waya ta zo ta ɗauke su gaba ɗaya.

Masu raina abin suna yawan cewa, to me ya sa sai dabbobi? Bahaushe ne zai yi wannan tambaya? Wanda aka raina da Gizo da Ƙoƙi, da Dila malamin daji, da Kura mai kwaɗayi, da Zaki manyan dawa? Abubakar Imam da ya tashi rubuta Magana Jari Ce a shekarun 1930, a bakin aku ya zuba hikimar, har akun ya zama waziri, kuma ba mu ji wanda ya ce shirme ne ba. A jarrabawa ma an sha tambayarsa. Dabba tana yi wa yaro amfani biyu. Na ɗaya, tana ba shi damar kallon sata da ƙarya da cin amana daga nesa, ba tare da tsoron da zai hana shi barci ba. Na biyu ya fi muhimmanci, kuma a nan ne labarin bincike ya yi fice. Kowace dabba tana shigowa da sunan da aka riga aka laƙaba mata. In akuya ta ɓace, kowa kura zai kalla. Mai labari ya san haka, sai ya bar yaro ya zargi kura har shafi na ɗari, sannan shaida ta fito ta nuna tunkiyar nan mai sunkuyar da kai. Yaro ya ji kunyar zaton da ya yi, kuma wannan kunya ita ce darasin. Bahaushe ya ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Wa'azin wannan magana sau ɗari bai kai yaro ya faɗa ramin da kansa sau ɗaya a cikin littafi ba.

Malaman zaure ma sun san wannan tun kafin a haifi kakannin John Patrick Green. Kalila wa Dimna, wanda Ibnul Muƙaffa ya mayar Larabci daga Farisanci a ƙarni na 8, asalinsa kuma daga Indiya, diloli biyu ne taurarinsa. Dimna ya shiga tsakanin zaki da amininsa sa, ya yi ta kai gulma nan da can har zaki ya kashe san. Sai aka buɗe babi guda na binciken al'amarin Dimna. Damisa ta ji lokacin da Kalila ke yi wa ɗan'uwansa faɗa a kan makircin, ta gaya wa uwar zaki, aka kama Dimna, aka kafa shari'a. Dimna ya yi ta kare kansa da daɗin baki, kuma ba a hukunta shi ba sai da aka sami shaida ta biyu daga wata dabba da ke tsare a kurkukun, wadda ta ji shi yana amsa laifinsa. Laifi, tuhuma, bincike, shaidu biyu, hukunci, duk da dabbobi, kuma tsoffin kwafe-kwafensa na hannu cike suke da zane mai launi. Sarakuna aka rubuta wa wannan littafi don su koyi mulki. Yau an wayi gari malamin firamare yana ganin ya fi ƙarfin jikan wannan littafi.

Bin shaida kafin yanke hukunci ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Duk ɗan makarantar allo ya san ƙissar Annabi Yusufu, alaihis salam, yadda aka ɗora wa kyarkeci laifin da bai ji ba bai gani ba, da yadda daga baya riga da wajen da ta yage suka wanke wanda aka yi wa ƙazafi. A ƙauyukanmu har gobe akwai masu bin sawu, waɗanda in an kore shanu da dare za su duƙa su karanta ƙasa, su gaya maka mutum nawa ne, ina suka nufa, wanne ne ke ɗingishi. Wannan ɗabi'a ce muke rasawa, kuma muna biyan kuɗin rashinta da jini. A watan Maris na 2025, a Uromi ta jihar Edo, an tare mafarauta 'yan Arewa da ke hanyar komawa gida yin Sallah, aka ce masu garkuwa da mutane ne, aka kashe mutum 16 ba tambaya ba bincike. Mu ma a kasuwanninmu ihun "ɓarawo" guda ɗaya ya isa a nemo taya da fetur. Littafin kada ba zai kashe wannan wuta shi kaɗai ba. Amma yaron da ya saba tambayar "ina shaida?" tun yana ɗan shekara tara, da wuya ka same shi a sahun gaba riƙe da dutse yana ɗan shekara ashirin. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na san akwai iyaye masu damuwa ta gaskiya, kuma ba da su nake faɗa ba. Ba duk littafin da ka ga dabba a bangonsa ne na yara ba. Blacksad, na Sifaniyawa biyu, Juan Díaz Canales da Juanjo Guarnido, wanda ya fara fita a Faransa a 2000, baƙin muzuru ne mai binciken kisan kai, zanensa gwanin kyau, amma akwai jini da tsiraici a ciki, na manya ne zalla. Maus ma ba na ɗan aji huɗu ba ne. Tintin na Hergé, ɗan jaridar nan mai yawo da farin karensa, akwai littafinsa na Kwango da ya zana baƙar fata cikin wulaƙanci irin na zamanin mulkin mallaka. Su Dog Man da InvestiGators kuma suna da barkwancin masai da tusa wanda ba kowane gida ne zai so ba. Duk wannan gaskiya ne. Maganinsa uba ya karɓi littafin ya zauna ya karanta, rabin sa'a ta ishe shi, sannan ya ce wannan ya yi, wancan a bari sai an girma, ya kuma gaya wa yaron dalili. Wannan ita ce tarbiyya. Fizgewa da yagawa ba tare da an karanta ba lalaci ne aka lulluɓe da rigar tarbiyya. Kuma abin da ya fi ƙona mini rai, gidajen da ake ƙwace littafin zane su ne ake miƙa wa yaro waya ya wuni a TikTok don ya bar mutane su huta.

Sauran fushina kuma namu ne, mu masu rubutu da masu ɗab'i da masu kuɗin Arewa. Sunan InvestiGators kansa wasa ne da kalmomin Turanci biyu, mai bincike da kada, kuma rabin dariyar littafin irin wannan wasan kalma ne. Ɗan ƙanwata yana wuce yawancinsu bai san an yi ba. Yana lasar romo ne, naman yana hannun 'ya'yan masu harshen. Na zaga shagunan littattafai da masu kasawa a kasuwa ina neman irinsa guda ɗaya da Hausa, mai shafi ɗari, mai launi, mai asirin da yaro zai tona, na dawo hannu rabbana. Alhali kayan aikin a jibge suke. Frank Edgar ya tara tatsuniyoyinmu cikin kundi uku tsakanin 1911 da 1913. Ibrahim Yaro Yahaya ya fitar da Tatsuniyoyi da Wasanni littafi shida. Muna da kacici-kacici, wanda shi kansa horon bincike ne, muna da karin magana da salon magana da zaurance da Turanci ba zai taɓa kamowa ba. Muna da matasa masu zane waɗanda ke cinye basirarsu a allon shagon aski da bayan tifa da fastocin 'yan siyasa. Masu magana da Hausa miliyoyi ne daga Kano zuwa Damagaram, daga zangon Kumasi zuwa Sudan. Me ya hana?

Me ya hana a ga Dila ya buɗe ofishin bincike a gindin kuka, Bushiya tana riƙe masa takardu? A wayi gari rumbun Kurciya ya yi ƙasa, gari duk ya ce Ɓera ne, har an fara haɗa masa kaya. Dila ya duƙa ya ga sawu mai yatsu uku, ya lura ƙofar rumbun daga sama aka buɗe ta, ya tambayi Jemage abin da ya gani tunda shi ba ya barcin dare. Yaro yana bi, yana zargi, yana warwarewa, da harshen da yake mafarki da shi. Wannan ba ya bukatar tallafin Turawa. Marubuci ɗaya, mai zane ɗaya, da attajiri ɗaya da zai ɗauki nauyin bugun farko da kuɗin da bai kai na kayan gara ɗaya ba. Mun iya zuba miliyoyi a fim ɗin da za a manta da shi bayan wata biyu, mun iya buga kalandar ɗan takara dubu ɗari, amma littafin yara sai a ce ba kasuwa. Yaran nan huɗu da suka bar wasan tara suka kewaye littafin da ko harshensa ba su gama ji ba, su ne kasuwar.

Don haka ina kira ga malamai: in kun ga littafi a hannun yaro, ku karɓa ku karanta kafin ku yi magana, in ya dace ku sa shi ya tsaya gaban aji ya ba da labarinsa, ya faɗi yadda aka gano mai laifin. Masu makarantu, ku cire kuɗin fenti na zango ɗaya ku sayi irin waɗannan littattafai ashirin ku ajiye a akwati a kowane aji. Iyaye, ku zauna da 'ya'yanku ku yi gasar wa zai riga gano ɓarawon. Marubuta da masu zane, ku nemi juna, ku fara ko da shafi ashirin ne. Gwamnonin da ke shelar dokar ta-ɓaci a kan ilimi, ku sani gini da kujeru ba sa koya wa yaro son karatu, littafin da ya kasa ajiyewa ne ke koya masa.

Shi kuwa ɗan ƙanwata, daren ranar muka zauna da shi da salatif muka liƙe littafin shafi-shafi. Uku sun ɓata, ya cike mini abin da ke cikinsu da ka, bai tsallake ko ɗaya ba. Ya sake karanta shi sau biyu tun daga lokacin, amma ya ce ba zai ƙara kai shi makaranta ba. Malam, ka ji abin da ka koyar: yaro ya gane cewa makaranta wuri ne da ake ɓoye littafi. Ka nemi yaron nan ka ba shi haƙuri, ka saya masa na biyu, kuma ka karanta shi kafin ka miƙa masa.